Rabon ɗan da ya tafi Najeriya

Wata rana a China, na gama duba tayil a wata masana'anta da ke wajen Guangzhou, abokina Munzali ya ce ba za mu samu hanyar komawa masauki ba. An rufe titi, bikin tsakiyar kaka suke yi.

Munzali ya yi karatu a can, yana jin yarensu, shi ne tafintana. Ya ce tunda mun maƙale mu tsaya mu sha kallo.

Ni ba ma'abocin kallo ba ne. Amma ƙafa ta gaji, ciki ya ɗauki ƙugi, sai na jingina da wani shago.

Can sai ga ganga. Irin gangar da za ka ji ta a ƙirjinka kafin kunnenka.

Bayanta ga dodon nan nasu mai siffar maciji, ja da ruwan gwal, tsawonsa ya fi tirela. Samari sun ɗaga shi a kan sanduna suna gudu, yana lanƙwasa yana miƙewa. 'Yan mata na biye da fitilu na takarda. Kowa da iyalinsa, kowa yana dariya.

Ban da wata tsohuwa da ke zaune a kujerar roba kusa da ni.

Ita ba dodon take kallo ba. Ni take kallo.

Na ɗauka irin kallon nan ne da baƙar fata ya saba da shi a ƙasar, har na fara haɗe rai. Sai ta ja hannun rigata ta yi magana.

Munzali ya ce tambaya take, daga wace ƙasa nake. Na ce Najeriya.

Wallahi sai fuskarta ta washe.

Ta ce ɗanta yana can, aikin titi ya kai shi. Ta ce kafin ya tafi shi ne yake riƙe kan dodon nan, duk unguwar babu mai ƙarfinsa. Aiki ya yi masa yawa, shi ya sa ba ya zuwa, ba ya kuma kira.

A bayan kujerarta akwai wata mata tsaye, 'yarta ce. Na ga ta sunkuyar da kai.

Magariba ta kawo jiki, wata ya fara leƙowa ta saman gidaje. Tsohuwar ta nuna shi da yatsa.

"A ƙasarku ana ganin wannan watan?"

"Ana gani, Mama. Shi ɗin ne dai."

"To, yana ganinsa ke nan. Ko can ko nan, wata ɗaya muke kallo."

Daga nan ta buɗe wani ɗan kwali. Kek ne zagayayye da suke ci a wannan biki. Munzali ya ce al'adarsu ce a yanka shi daidai da yawan mutanen gida, har wanda ba ya nan sai an fitar masa da rabonsa.

Ta naɗe yanka ɗaya a takarda, ta damƙa mini da hannu biyu. Ta ce in kai masa. In gaya masa ba sai ya aiko da komai ba, ya zo kawai, idonta ya fara mutuwa.

Na karɓa. Ban ma tambayi garin da yake ba.

Da muka sha kwana, sai ga 'yar tata ta biyo mu da sauri. Ta ba mu haƙuri. Ta ce ƙanen nata ya rasu shekaru da dama, zazzaɓi ya kama shi a wurin aiki. Likita ya ce zuciyar uwar ba za ta ɗauka ba, dangi suka haɗa baki suka ɓoye. Duk shekara sai tsohuwar ta sa an kawo ta bakin titi, ta nemi baƙin mutum a cikin taro ta ba shi saƙo.

Na ce ko za ta faɗa mini inda kabarinsa yake, in na koma gida in je, amana ce na karɓa.

Ta girgiza kai. Ta ce su ƙona gawa suke yi, kuma tun a lokacin aka aiko da tokarsa. Tana cikin tulu, a kulle a kabad ɗin falo.

A falon da tsohuwar take yini tana sauraron ƙofa.

Ganga na ta tashi a bayanmu. Na tsaya da kek a hannu, na rasa inda zan kai shi. Har yau ban san wa zan ga laifinsa ba, kuma har yau in na ga wata ya cika raina ɓaci yake yi.

Darasi: Akwai jiran da ba shi da ranar ƙarewa, kuma mai yin sa bai sani ba. In kana da tsohuwar da ke sauraron ƙofa saboda kai, kada ka ce sai aiki ya lafa. Ka je da ƙafarka tun kana iyawa.

Tura wa wanda ya daɗe bai leƙa gida ba.