Wa Ya Gaji Molon?

Mahaifina gangar noma yake kaɗawa a ƙauyenmu, tsakanin Buza da Karofan, cikin duwatsun Adar, kamar yadda ubansa da kakansa suka kaɗa. Idan damina ta zauna aka kira gayya, shi ke bin bayan samari a gona yana yi musu kirari, ni kuma ina biye da kazagi, ƙaramar gangar nan da ake rataya wa yaro a wuya don ya riƙe wa babba kiɗa. 'Ya'yan da suka rayu a gidanmu duk mata ne, sai ni kaɗai namiji. Saboda haka babu wanda ya taɓa tambayar wa zai gaji gangar.

Shekarar da aka zo neman yaran da za a kai lakwal, wato makarantar boko, a Buza, maigari ya duba ya ga ba zai ba da ɗansa ba, ba zai ba da ɗan liman ba, sai ya nuna ɗan makaɗi. Haka ake yi a lokacin. Mahaifina bai ja ba, ina makaɗi ina gardama da maigari? Ya dai ce wa mahaifiyata su je su gama abin da za su yi da ni, ganga ba ta da ƙafa, tana nan tana jira. Aka sauke ni gidan gwaggona a Buza, duk Asabar da la'asar in tako in dawo gida.

Abin da ba su lissafa ba shi ne lakwal za ta karɓe ni. Ba yabon kai ba, kunnen ɗan makaɗi ba ya zubar da abin da ya shiga. In mushe ya faɗi magana sau ɗaya, to ta zauna. Mushe, kamar yadda ake kiran malami a lakwal, shi ne malaminmu na ajin ƙarshe, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, wani dogon mutum daga bakin kogi can yamma, mai Hausa karye-karye. Yana da wani ƙaton littafi mai hotuna, kuma duk ranar da lissafi ya ishe shi sai ya buɗe ya shiga ba mu labarin mutanen da. Sarkin Mali da ya je Makka yana rabon zinariya a hanya. Mutanen Masar da suka tara dutse kan dutse don binne sarakunansu. Wani mai zane a Italiya da ya yi shekaru yana ɗaga kai yana zana rufin ɗakin ibada har wuyansa ya ƙage. Ni dai ji nake kamar an buɗe mini ƙofar rumbun da ba shi da ƙarshe. Mushe ya ce duk wanda ya ci sartifika, jarrabawar gama firamare, da ta shiga kwaleji za a tura shi Tawa, ya kuma nuna ni da alli ya ce ni zan je. Ina son zuwa kamar raina, amma ban iya faɗa wa mahaifina ba.

Wata Lahadi da hantsi yana zaune gindin aduwa yana ɗaure igiyoyin ganga, ni kuma ina gefe ina bitar darasi a baki.

"Kai, mi kaka ta ƙunƙuni tun ɗazu awa mai tsahi?" in ji shi.

Na ce labarin wani mutumin Faransa ne wanda ya gano maganin cizon mahaukacin kare. Sai ya tsayar da hannu, don a garinmu an san irin mutuwar da wannan cizo yake jawowa.

"Ɗan wa na?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ka san ubanai ba kaka yabon shi? Mushen naku bai iya aiki ba. Ba a kama kirarin mutum daga tsakiya."

Ran Litinin na ɗaga hannu na tambaya. Aji ya fashe da dariya, mushe kuwa bai yi ba. Ya buɗe littafinsa ya bi layi da yatsa, ya ce uban mutumin majemi ne. Da na kai wa mahaifina wannan amsa, dariya ya yi har ya sarƙe.

"Majemi? Mai warin bagaruwa?"

Nan take ya jawo ganga ya buga, ya ɗaga murya: "Ɗan majemi, gagara kare! Ubanka yaj jeme hwata, kai kaj jeme cuta!" Bai tsaya nan ba, sai da ya taka har majemar amininsa majemin garinmu, ya ce masa ya dinga wanke hannu kafin ya gaisa da mutane, ashe yana da dangi manya a Turai.

Daga nan abin ya zame mana jiki. Duk mako in zo da mutum guda, shi kuma ya auna shi da mudunsa na makaɗi. Sarkin Mali bai burge shi ba ko kaɗan. "Ɗan sarki ya yi kyauta, mi ab abin mamaki? Hwaɗa min makaɗa nawa yat tahi da su." Mutanen Masar kuwa cewa ya yi in dutse suke so su zo Adar su kwasa kyauta, mu samu wurin shuka. Mai zanen ne ya ba shi tausayi, ya ce ya san ciwon wuya, duk wanda ya yini da ganga a kafaɗa ya san shi. Da na kawo masa wani ɗan maƙeri na Ingila da ya gano yadda ake fitar da lantarki daga waya da maganaɗisu, sai ya karɓi tocilar gwaggona da na aro, ya kunna ya kashe, ya kunna ya kashe, sannan ya yi wa mutumin kirari mai tsawo. Waɗannan kirarai su na riƙa rerawa a zuci ina hanyar Buza, kuma ba na jin akwai yaro a duk ƙasar da ya riƙe mutanen nan kamar ni.

Sai mushe ya kawo mu kan wani ɗan Italiya da ya haɗa madubin hangen nesa ya duba taurari, ya ce ƙasa ce take zagaya rana, har manyan addininsu suka tsare shi a gida sai da ya mutu. Wannan karon ban jira an aike ni ba, tun a aji na tambayi ubansa. Na riƙe amsar a raina har Asabar.

Mahaifina ya saurari labarin yana taɓe baki.

"Ƙarya ta. In ƙasa na yawo, ƙaƙa gonata taka kwana inda nib bar ta? To ɗan wa na, mai wagga zuƙi?"

"Ɗan makaɗi na, Baba. Ubanai molo shika kaɗawa, irin nasu na can."

Bai yi dariya ba. Ya dube ni, na dube shi, na san ya gane inda na dosa, domin makaɗi ba a yi masa habaici ya kasa ji. Ya daɗe yana murza igiya a tafin hannu.

"To wa yag gaji molon?"

Ran Litinin na kai tambayar lakwal. Mushe bai sami amsarta a littafinsa ba, sai da ya je Madawa ya bincika wurin wani abokinsa mai tarin littattafai. Ya dawo ya ce ƙanen mutumin ne ya zama makaɗi. Na so a ce wata amsa ce daban, amma ita na ɗauka na kai.

"Ka ji," in ji mahaifina. "Shi shina da ƙane."

Bai yi wa ɗan Italiyan kirari ba. Daga ranar kuma bai sake tambayata labarin kowa ba. Ina zuwa gida mu gaisa, in ci tuwo, in koma. Raina ya ɓaci ƙwarai, har da mushe da littafinsa na ji haushi, amma ban fasa karatu ba. Gab da faɗuwar ruwa aka yi jarrabawa. Na shiga da kirarai cike da kai, na fito na san na ci, ban jira wani ya gaya mini ba.

Gero ya kai gwiwa lokacin da labari ya iso. Mushe da kansa ya hau keke ya zo har gida ya shaida wa mahaifina an ba ni wuri a kwalejin Tawa, saura yardarsa. Mahaifina ya sa aka dama masa fura, ya yi masa godiya, ya raka shi bakin gari. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mun jiya." A lokacin in uba ya ƙi, ba a rasa dabarar ɓoye yaro a ruga har a manta da shi, kuma na san Fulanin da mahaifina yake hulɗa da su ba za su ƙi karɓata ba.

Ana haka aka kira gayya a gonar sarkin noma. Samari suka jeru da hauya, mata suka zo da ƙoren fura, tsofaffi suka zauna inuwa. Muka shiga kiɗa, ni da shi, kuma ranar na saki hannu, don in ita ce rayuwata to ba zan yi ta da rabin zuciya ba. Rana ta take tsaka sai ya tsayar da ganga a tsakiyar kirari, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Kowa ya miƙe yana kallo. Ya matso ya cire kazagin daga wuyana. Ya waiga bakin gona inda wani yaro yake tsaye, ɗan maƙwabcinmu manomi, wanda uwarsa ta gaji da dukansa saboda ya lotsa mata kwanoni da kiɗa. Ya yafito shi, ya rataya masa.

Wani tsoho ya taso daga inuwa. "Haba, sarkin kiɗa! Wanga ba gadonsu ba na."

"Na sani," in ji mahaifina. "Ɗan majemi ya bar jima, duniya ba ta tashi ba. Ni ko ban da ƙanen da za ni ba ɗana, sai in ara."

Sannan ya juyo gare ni, bai sassauta murya ba, don kowa ya ji. "Kai tahi Tawa. Har gobe ban yarda ƙasa na yawo ba. Ka duba da idonka ka zaka ka hwaɗa min."

Ya buga ganga, yaron ya kama, kuma wallahi bai kuskure ba. Samari suka sunkuya suka ci gaba da noma. Ni na samu abin da nake nema, ga shi a hannuna, amma sai na tsinci kaina bayan wata kalgo ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Kishi ne zalla, ban taɓa jin irinsa ba. Na tsaya ina sauraro ko yaron zai yi tuntuɓe a kiɗan ko sau ɗaya, har aka tashi bai yi ba.

Na je Tawa, na wuce Tawa, na yi shekaruna ina koyar da 'ya'yan mutane abin da mushe ya fara buɗe mini, kuma ban yi da-na-sani ba. Mahaifina ya rasu bai yarda ƙasa tana zagaya rana ba, ko da yake duk hutu sai ya sa na sake yi masa bayani da ƙwarya da goriba, ya ce in ƙara ƙoƙari. Gangar tana hannun yaron nan, shi ma ya tsufa, 'ya'yansa sun karɓa. Yau idan baƙo ya shiga garinmu ya tambayi gidan makaɗa, ba gidanmu ake nuna masa ba.