Gumin Dorina

Ranar wata Asabar ce cikin zafin watan Afrilu, shekarar da nake aji shida a lekol, wato makarantar boko, na dawo gida da takarda a linke cikin aljihu, ina ji da kaina kamar wanda ya sauko daga Makka. A lokacin ne aka buɗe siber a bayan kasuwar Garwa, ɗaki mai kwamfuta shida da fanka guda mai ƙara. Duk Asabar, in na gama ɗebo ruwa na zuba wa ragunan gidanmu harawa, can nake nufa. Sauran yara hotunan 'yan ƙwallo suke nema, ni kuwa abubuwan mamaki nake farauta in kwafe a takarda: wai giwa ba ta iya tsalle, wai zuma ba ta lalacewa, wai ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa bakwai ne kamar na mutum. Tun ina yaro Allah ya yi ni da son a ce na sani.

Wanda nake fara kai wa wannan kaya kakana ne, Alhaji Mamuda, tsohon falke da ya ci kasuwar Mora da Bibemi tun ana tafiya da jakuna. Kullum bayan la'asar akan shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, dattawan unguwa su kewaye shi, domin ba mai bakinsa wajen labari. Ni da shi kuwa sai wasan jika da kaka. Yana kirana ɓarawon matarsa, ina kiransa tsoho mai ran ƙarfe. In na karanta masa takardata a tsakar gida, sai ya yi dariya ya ce, "Ƙaryar Nasara ma da daɗin ji."

Ran nan na tarar da shi cikin mutane, har da wani baƙo mai cinikin shanu daga Maiganga. Yana ba su labarin dorinar da ta taɓa biyo kwalekwalensu a kogin Binuwai, wadda don tsabar fushi har gumin jini take yi. Ni kuwa abin da na kwafo ke nan a ranar. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na zaro takarda na ce, "Alhaji, ba jini ba ne. Wani jan maiƙo ne da ke kare mata fata daga rana. Tsoho, yau dai an kama ka."

Baƙon ya fara dariya, da ya ga ba mai taya shi sai ya haɗiye ta. Kakana ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "To madalla. Tunda akwatin ya fi mu sani, sai ku riƙa tambayarsa." Ya naɗe carbinsa ya shige gida.

Innata ba ta dake ni ba, kuma da dukan ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Wasan jika da kaka a tsakar gida yake ƙarewa, ba ya fita ƙofa." Na je na durƙusa na ba shi haƙuri, ya dafa kaina ya ce ba komai. Na kuma yarda ya yafe, don bai fasa ajiye mini dabino ba. Amma labari ya ƙare tsakaninmu. Da zarar na matso kusa da tabarma sai ya juya zancen ya koma na damina. Na yi ta jira ya huce, ina ganin akwai lokaci, har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara uku.

Yanzu ba mai zuwa siber. Kowa da wayarsa, irin waɗannan abubuwan mamaki suna shigo mana safe da yamma, a tura wa dangi, a yi dariya, a manta. Kwanan baya 'yata ta dawo daga lekol, an ce kowa ya rubuto garin da kakanninsa suka taso da hanyar da suka biyo zuwa Garwa. Na tambayi 'yan'uwa, kowa ya ce ai Alhaji ne ya sani. Na ɗauki waya na yi ta dannawa, sannan na ajiye. Mutum ɗaya ne ya riƙe wannan amsa, kuma ni na rufe masa baki.