Ranar da Haboba Ta Duba Injin Kaka

Wata Juma'a ce bayan girbin riɗi, a shekarar da na shiga aji huɗu. Muna 'yar carafke ni da ƙannena a gindin dogonyaro, sai ga Kawu Usman ya shigo gidanmu na Mai Wurno da wani baƙo mai farar jallabiya. Daga Wad Madani mutumin ya zo, yana tara tsofaffin motoci, ya ji labarin ta marigayi kakanmu. Motar ta daɗe a gefen rumbu, tayoyi sun nutse, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, kuma aikina ne kowace safiya in kore awaki daga kanta kafin in tafi ɗebo ruwa. Kawu ya ƙagu a sayar da ita, domin injin ban-ruwan gonarmu ya mutu, albasa ta fara yaushi.

Baƙon ya ɗaga murfin gaba, ya tambaya ko komai na asali ne. "Kullu asli," wato duka na asali ne, in ji Kawu da zuciya ɗaya, don shi bai taɓa riƙe sifana ba. Haboba, wato kakarmu mace, tana tankaɗe a ƙofar ɗaki ta ji. Ta karkaɗe zaninta, ta ce in ja ta zuwa wurin, saboda idonta ya yi rauni. Ita ce ta yi shekaru tana wanke wa mijinta, Kaka, ƙarafan nan da kananzir a cikin tasa, yana kwancewa yana ɗaurawa. Da yatsa ta bi injin. Ta nuna koren fentin da ya maƙale a lungunan gangar jikinsa, da lambar da aka buga a ƙarfen, ta ce waɗannan da su motar ta zo. Da ta kai kan dinamo sai ta tsaya, ta shafa tabon walda a gindinsa. "Wanga ba nata na ba, ya waladi, ɗana. Na wata lori na, a Dindir munka samo shi da damina." Ta ce a gwada sifanar Kaka a notocin kafireta, aka gwada, ta ƙi kamawa, alamar ita ma ba da ita motar ta zo ba. Lagireto kuwa, ta sa baƙon ya taɓa ramukan da aka huda masa daga baya don ya zauna a wannan motar.

Mutumin ya saurara har shayinsa ya huce. Ya yi mata godiya sosai, ya ce wadda ba a taɓa ba yake nema, ya tafi. Kawu ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Haboba ta bar shi ya huce, sannan ta ce, "Usman, jikin ne ya tsufa. Injin ga da sauranshi, zai ja ruwa." Aka kira makaniki daga Sinnar, aka ciro injin, aka kai shi bakin kogi a keken jaki. Ranar da ya tashi, mu yara muka bi ruwan a guje cikin kwalbatin gona muna ihu, albasar kuma ta tsira.

Yau ina da motata, idan ta lalace in kai ta gareji, a jona mata na'ura, a cire abu a sa wani, ban san wanne ya fita ba, ban san wanne ya shiga ba. A gidanmu na da, kowane ƙarfe akwai wanda ya san daga inda ya zo. Ban sake ganin mai irin sanin Haboba ba.