Inuwa Mai Waya da Sabuwar Ƙwaƙwalwar Injin Masara

Inuwa mutumin Badafi ne, kuma tun yana saurayi aka san shi da rashin zama wuri ɗaya. Ya yi damina biyu a gonar mahaifinsa ya gudu, ya koyi ɗinki a Kiru wata huɗu ya ajiye almakashi, sannan ya faɗa gyaran rediyo. A nan ne hannunsa ya ɗan zauna. Wani kawunsa ya kai shi makarantar koyon sana'a a Kano, ya fito da takardar aikin lantarki. A shekarar 1984 aka ɗauke shi a wata masana'antar niƙa masara da aka gina a wajen Bebeji, kusa da titin Kano, ya kama haya a gari, ya auri Habiba.

A masana'antar akwai wani akwatin ƙarfe mai tsayin mutum, cike da katunan lantarki da ƙananan fitilu jajaye. Ma'aikata suna ce masa ƙwaƙwalwa, domin shi ke yanke wane injin zai fara tashi, wane zai biyo baya, yaushe ƙofar rumbu za ta buɗe masara ta zubo. Baturen da ya kafa shi ya yi mako biyu yana danna wata 'yar na'ura mai maɓallai, wadda da ita ake ba akwatin umarni, Inuwa yana tsaye a bayansa yana kallo. Da zai tafi ya bar na'urar da wani littafi mai kauri, manaja Alhaji Sale kuma ya tara ma'aikata ya ce duk wanda ya taɓa umarnin da ke cikin akwatin, a bakin aikinsa.

Inuwa bai cika shekara ba ya taɓa. Kati ya ƙone a gefe ɗaya, ya mayar da wayar wani gurbi, ya gyara umarnin. Injin ya tashi, bai gaya wa kowa ba. Haka ya ci gaba shekara goma sha biyu, yau ya sauya nan, gobe ya ƙara can, bai taɓa rubuta komai ba. A gari sunansa ya koma Inuwa Mai Waya.

Sai katunan ajiya suka ƙare, kamfanin da ke ƙera su kuma ya daina. Inuwa ya riƙa hawa bas zuwa Kano, yana bin masana'antun da suka rufe a Sharaɗa da Bompai ko zai sami tsofaffi. Wani lokaci ya dace, sau da yawa ya dawo hannu rabbana. A ƙarshen daminar 1996 injin ya tsaya sau uku a mako guda, Alhaji Sale ya ce ya gaji, za a kawo sabuwar ƙwaƙwalwa daga Kaduna kafin motocin sabuwar masara su fara sauka daga Doguwa da Tudun Wada.

Tun daga ranar Inuwa ya rasa sukuni. Ya zauna cin tuwo, loma uku ya miƙe. Ya fita ƙofar gida, ya dawo, ya ɗauki filaya ya ajiye.

"Malam, wai me ke cin ka?" Habiba ta tambaye shi. "Injin naka ne?"

"Ba za ki gane ba."

"To ka zauna in gane mana. Ka sa ni jiri da wannan kai-komon."

Bai zauna ba. Abu biyu ke damunsa: in an buɗe akwatin za a ga ɓarnar dokar da ya yi, in kuma sabon ya zauna lafiya, shi Inuwa me za a yi da shi? Washegari ya ɗauke 'yar na'urar mai maɓallai daga ofis, ya naɗe ta a tsumma, ya tura ƙarƙashin gadon Habiba.

Injiniyan da ya zo sunansa Buba, dogo, mai magana a hankali. Sabuwar ƙwaƙwalwar da ya kawo ba ta fi rediyo girma ba, kuma da kwamfuta mai kamar jaka yake ba ta umarni. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam Inuwa, ina na'urar da ake karanta tsohon? Ina so in ga abin da ke ciki."

"Ta lalace tuntuni, Injiniya."

"An taɓa sauya wani abu?"

"Yadda Bature ya bar shi, haka yake."

Buba ya dube shi, ya dubi wayoyin da suka cuɗe a cikin akwatin. Ya ɗauki littafin nan mai kauri ya kwafi umarnin daga ciki. Kwana shida suna cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya suna ɗaura wa sabon. Inuwa ya san inda kowace waya ta nufa, saboda haka duk inda littafi ya saɓa da abin da ke ƙasa, sai ya yi shiru ya ɗaura ta inda ya dace. Amma umarnin da ke cikin kwamfutar Buba, wannan ba shi da hannun gyara shi. Yana aiki yana gumi, ya fita ya sha ruwa, ya dawo, ya sake fita.

Ranar gwaji da hantsi motar farko ta iso daga Doguwa, aka juye masarar a rumbu. Alhaji Sale ya zo da babbar riga ya tsaya. Buba ya danna. Injuna suka tashi a jere, fitilu suka kama, ma'aikata har sun fara murmushi. Inuwa kuwa kunnensa yana kan bel ɗin nan mai guga-guga da ke ɗaga masara zuwa sama. Ya ji ƙarar ta yi nauyi, sannan ta shaƙe. Warin roba ya tashi. Ya kwasa da gudu ya doki jan maɓallin tsayarwa, amma kafin nan masara ta riga ta tumbatsa, ta malale ƙasa har idon sawu, bel ɗin yana hayaƙi.

"Wannan ne sabon?" Alhaji Sale ya daka tsawa. "Injiniya, wannan ka kawo mini?"

"Ranka ya daɗe, abin da ke littafi na saka, ban rage ko ɗaya ba."

Inuwa ya ga yadda fuskar Buba ta yi, mutumin da bai yi laifin komai ba. Ƙafafun Inuwa suna so su fita ƙofa. Sai ya ji bakinsa yana magana.

"Alhaji, laifina ne. Littafin ba daidai yake da tsohon akwatin ba. Ni na sauya."

Ya faɗi komai. Masarar Doguwa ta farkon kaka da danshi take zuwa, tana da nauyi, in ƙofar rumbu ta buɗe gaba ɗaya sai ta shaƙe bel. Tun 1988 ya gyara umarnin yadda bel zai yi daƙiƙa talatin yana juyawa babu kaya, ƙofar kuma ta riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan.

"Sau nawa ka sauya?" in ji Buba.

"Ban ƙirga ba."

"Na'urar fa?"

"Tana gidana. Lafiyarta ƙalau."

Alhaji Sale ya buɗe baki, Buba ya riga shi. "Ranka ya daɗe, a bar faɗan tukuna. Batirin tsohon akwatin yana nan da rai, bai manta komai ba. Malam Inuwa, ɗauko ta."

Inuwa ya ari babur ya tafi. Habiba tana tankaɗe ta ga ya durƙusa yana jan tsumma daga ƙarƙashin gadonta, ta ce, "Au, dama a kan wannan nake kwana?" Ya ɗauka ya fice.

Kwana biyu suka yi a gaban tsohon akwatin. Inuwa yana danna maɓallai yana karantowa layi-layi, Buba yana gwadawa da littafi. Duk inda suka saɓa sai ya ce, "Wannan fa, me ya sa?" Inuwa ya ba da labarin: wannan ranar da tsawa ta ƙona kati ne, wancan don masu ɗinkin buhu ba sa iya bin saurin injin. Wuri arba'in da ɗaya suka samu. Buba ya zubar da tara, ya ce waɗannan faci ne kawai, ɗaya ma ya ce Allah ne ya tsare bai cire hannun wani ba. Sauran ya shigar da su sabuwar ƙwaƙwalwa, ya sa Inuwa ya rubuta dalilin kowane da hannunsa.

Gwaji na biyu ya tafi sumul. Alhaji Sale bai kore shi ba, sai dai ya yi wata guda in Inuwa ya gaishe shi, da ka kawai yake amsawa.

Sabuwar ƙwaƙwalwar ba ta lalacewa. Inuwa ya zo da safe, ya share ƙura, ya duba fitilu, shi ke nan. Ya zaga masana'antar, ya je wajen Fulanin da ke sayen dusa ya yi hira, ya dawo ya tarar komai na tafiya. Ya jure kaka biyu. A ta uku ya rubuta wa Buba wasiƙa, amsa ta zo cewa akwai tsofaffin akwatuna irin wancan a masana'antun auduga da na saƙa, kuma masu iya karanta su sun yi ƙaranci.

Habiba ta ce ita ba inda za ta, ga yara a makaranta, ga awakinta. Ya yarda. Farkon 1999 ya ajiye aiki, ya shiga motar Kaduna da jakar kayan aikinsa. Aikinsu na farko shi da Buba a Funtua ne, na biyu a Gusau. Duk bayan mako uku yakan zo Bebeji ranar Alhamis, ya kwana biyu, Asabar da safe yana bakin titi yana tsayar da mota.