Ranar da mutanen Magaji Haladu sunka ƙi tsayuwa

Magaji Haladu dai ɗan gidan sarauta ne, kakanshi shi yas sari Tungar Makau can ƙasar Bukkuyum, amma shi a Gummi anka haife shi wurin dangin innarshi. To kun ga matsalar, in ya je Gummi su ce baƙauye ya zo, in ya dawo tunga su ce ɗan birni. Haka yat tashi har ubanshi ya rasu anka naɗa mishi rawani.

Da gubar dalma ta shigo shekarar 2010 yara sunka riƙa mutuwa, Magaji ya rasa ƙofar da zai buga, kowane ofis a ce mishi sai kansila. Shi ne ya ce to bari shi zama kansilan. Kuma ya ci. Yana ta bin maganar rijiyar burtsatse don tunga ta samu ruwa marar guba, an zo an auna wuri, an kafa turaku, sai ciwo ya kama shi, ɓarin jikinshi na hagu ya shanye. Wa'adi ya ƙare ba a gina ba.

Matarshi Saude ta ce, “Magaji ka huta mana, ƙafar ma ba taka ba ce yanzu.”

Ya ce, “In na sauka wa zai tuna da turakun nan?”

Ranar fidda gwani a filin firamare, tsarin layi ne, kowa ya tsaya bayan wanda yake so a ƙirga. Abokin takararshi Namadi mai injin niƙa ya tsaya ƙyam, layinshi a miƙe. Magaji ko anka ɗauko shi anka aje bisa darduma. Ai ko mutanen tunga na ganinshi zaune sai duk sunka tuɓe takalma sunka durƙusa, sun fi ɗari biyu wallahi, don ba a tsayawa a kan Magaji in yana ƙasa.

Jami'in jam'iyya da anka turo ya ce shi wanda ke tsaye kawai zai ƙirga.

Magaji ya ce, “Don Allah ku miƙe!”

Wani tsoho ya ce, “Ranka ya daɗe, mu? Kana zaune? Ubanka bai gani ba, kai ma ba ka gani.”

Namadi na dariya yana cewa, “Ku bar su, gaisuwa sunka zo.”

Magaji ya dafa ƙasa da hannun dama zai tashi, ya ɗaga kaɗan ya koma. Ya sake, rawani ya zame. Mutum biyu sunka matso da gwiwa za su tallabe shi, kafin su ɗaga shi jami'in ya wuce.

Mutum tara anka rubuta ma Magaji, su ma baƙi ne 'yan kallo da ke tsaye.

Rijiyar can garin su Namadi anka gina ta. Magaji na nan zaure har yau, mutanen na zuwa kullum da safe su durƙusa su gaishe shi, yana amsawa.