Ƙyallen Anko a Bakin Siket

Shekarun baya, yayata ta kore ni daga gidanta a Peckham saboda wani siket da na ɗinka wa ’yarta.

Ni tela ne. A Fagge na koyi ɗinki, ban yi boko ba. Yayata ce ta kawo ni London a ƙarshen shekarun tamanin. Aikin jinya take yi, mijinta ya rasu. Ta ba ni ƙaramin ɗaki a flat ɗinta, na kafa keken ɗinki a ciki, ina yi wa matan Hausawa ɗinkin Sallah da na biki. Takarduna na zama a ƙasar ba su gama fitowa ba. Adireshinta ne a jikin komai nawa, kuma ta nan nake jiran wasiƙa daga ofishin shige da fice da ke Croydon, wadda za ta faɗi ranar da zan je a yanke maganar zamana. Wanda ya kuskure wannan ranar ya shiga uku. Duk safiya in na ji an turo wasiƙa ta ramin ƙofa, sai in bar keke in je in duba.

’Yarta a nan aka haife ta, lokacin shekarunta ashirin da biyu. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, sai in zolaya take ji. Uwar ta san tana karatun haɗa magunguna, kuma da gaske tana yi. Abin da ba ta sani ba, yarinyar da ƙawayenta biyu, ’yar Jamaica da ’yar Ghana, waƙar rap suke yi.

Wata rana da hantsi, uwar tana wurin aiki, ta shigo ɗakina da baƙin yadi mai sheƙi da zane a takarda.

“Kawu, sirri ne.”

Na duba zanen. Na ce, “Uwata, ina sauran?”

Ta yi dariya, ta ɗora min abin sauraro a kunne, ta kunna kaset. Turancina na kasuwa ne, amma na gane. Muryarta ce. Tana faɗin abin da take so a wurin namiji da abin da ba ta so, tana kiran komai da sunansa. Na cire abin kamar ya ƙona ni.

“Wannan ai maganar cikin ɗaki ce.”

“Mazan da kake ji a rediyo fa? Kullum suna faɗin abin da za su yi mana, kana ɗinki kana kaɗa ƙafa.”

“Keke nake takawa.”

“To ni amsa nake ba su.”

Na ce ba zan ɗinka ba. Sai ta ciro wani zanen. Akwai mutumin da ke shirya musu wasa, shi ma yana da telansa, ga abin da yake so su sa a hoton talla. Ko kamfai ya fi shi kirki. Ta ce ta gaya masa ba za ta sa ba, nata za ta kawo. In ban ɗinka ba, ba ta da abin kaiwa.

Na ɗauko tef. Ta ɗora yatsa a cinyarta ta ce, “Nan zai tsaya.” Na sa alli a wurin.

Da ta fita na zauna ni da siket ɗin. Na ɗinka shi yadda ta ce, na ɗaga, na ajiye. Na kasa. Sunan mahaifiyata ne zai shiga cikin wannan abu. Na nemi ragowar yadin in ƙara tsawo, babu. Daidai ta sayo, don ta san halina.

Kowane tela yana da buhun ƙyallaye. Na zazzage nawa, na ga wata atamfa koriya mai ratsin ruwan ɗorawa, ta dace da baƙin. Na yanko taƙi guda na kewaye bakin siket ɗin da ita. Ya sauko har gwiwa. Na ji daɗi, har na yaba wa kaina dabara.

Da ta zo karɓa, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi ihu ba. A ranar, da Hausa ta yi min magana, kuma ba zolaya ba ce.

“Kawu, shi yana ragewa, kai kana ƙarawa. Duk ku biyun kun riƙe almakashi a jikina. Wa ya tambaye ni?”

“Don mutuncinki na yi.”

“Shi ma cewa ya yi don cigabana.”

Ta ɗauki rezata a kan keke, ta zauna a bakin gado, ta farke ɗinkin zare bayan zare. Ta ninke ƙyallen ta sa a jaka. Ban tambaye ta me za ta yi da shi ba.

Bayan ’yan makonni na je Juma’a a masallacin Regent’s Park. Muna fitowa, wata Hajiya da nake wa ɗinki ta ce, “Malam tela, ashe kasuwa ta buɗe. Har allon talla an hau.” Matar da ke gefenta ta rufe baki da mayafi. Ban gane ba, na hau bas na kama hanyar gida.

A titin Rye Lane na unguwarmu na gani, manne a gilashin shagon gyaran gashi. Su uku ne a hoton, ita a tsakiya. Siket ɗin ya tsaya inda ta sa yatsa. A kanta kuma ga ƙyallena, ta yi masa ɗaurin ɗankwali mai tsayi irin na mahaifiyarmu.

Sai a lokacin na tuna wace atamfa ce. Ankon bikin ’yar wani Alhaji ne da aka yi wata biyu kafin nan. Duk Bahaushiyar da na sani a garin nan tana da ita a akwati, kuma duk ni na ɗinka. Da na bar siket ɗin yadda yake, wataƙila babu mai tsayawa ya duba fuskar. Ni na sa masa tambari da hannuna.

Na bi titi ina ɓamɓare hotunan da farce. Na cire huɗu, na ɗaga kai na ga sun cika bangon tashar jirgi. Kwana uku ban ci abin kirki ba. In waya ta yi ƙara sai in tsayar da keke in kasa kunne.

Rana ta huɗu yayata ta shigo ɗakina da kayan aikinta a jiki. Ta shimfiɗa hoton a kan gado, ta shimfiɗa zanin ankonta a gefensa.

Na ce, “Ni ne, Yaya.”

“Na san kai ne.”

“Amma wallahi ƙara masa tsawo na yi.”

“Ka ƙara? To ina ƙarin?”

“Ga shi nan a kanta.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ita yarinya ce da aka haifa a nan. Kai nono ɗaya muka sha. Kana cin tuwona kana ɓoye min ’yata. Ɗauki kekenka.”

“Wasiƙata fa?”

“Ka tambayi mawaƙiya.”

Wani ɗan Zango daga Kumasi mai sayar da doya ya bar ni ina kwana a bayan shagonsa. Kowace safiya sai in je in tsaya a tsallaken titin gidan yayata, in ga mai raba wasiƙu ya shiga ya fito. Ban san abin da ya tura ba. Ban san ko wasiƙata ta zo an yaga ba, ko ranar ta wuce. Haka na yi wata uku. In na ga ɗan sanda sai in sauya hanya.

Ran nan ina jera doya na ji an ce, “Kawu.” Uwata ce, da wasiƙa a hannu da leda. Ashe ita ba ta bar gidan ba. Ta zauna, uwar tana faɗa tana saurare, kuma ba ta bar waƙar ba. Ta karanta min: saura kwana shida. A cikin ledar farin kaftanina ne da na manta, an wanke an goge. Na san gugar. Ba ta yarinya ba ce.

Ita ta raka ni Croydon. Ta zo cikin doguwar riga har ƙasa. Na kalle ta, na buɗe baki zan yaba, ta ɗaga min yatsa.

“Yau ma ni na zaɓa.”

Na rufe bakina. Muka shiga layi. Aka ba ni izinin zama.

Har yau ba na son waƙoƙin nan, kuma na gaya mata. Akwai wata doguwar kalma da ita da ƙawayenta suke yawan faɗa game da ’yancin mata, ban taɓa iya furta ta daidai ba. Abin da na gane kaɗan ne. Na ɗauka ni da mutumin nan mai shirya wasa ba abin da ya haɗa mu, shi ɗan iska ni mai tsoron Allah. Amma ta sa yatsa ta ce nan, kuma daga ni har shi babu wanda ya ji. Da na gaya mata gaskiya na ƙi ɗinkin, da ya fi. Yi na yi kamar na yarda, na canza a bayan idonta.

Shekara biyu yayata ba ta yi min magana ba. Sai wata Sallah ta aiko da atamfa da awonta a takarda, na ɗinka, shi ke nan. Su Uwata sun yi shekara biyar suna waƙa kafin kowa ta kama gabanta. Yanzu tana da shagon magani, ƙyallen kuma yana nan a wurinta.

Ni ina nan Peckham. Shagona yana bayan mai kifi. Ido ya ja baya, amma ina ɗinki. In mace ta zo awo, ita nake miƙa wa allin.