Malam Taki da Raminsa

Haihuwa

An haifi marigayin da aka fi sani da Malam Taki a shekarar 1951, a wani gari na bakin kogi. Mahaifinsa mahauci ne, mahaifiyarsa kuwa mai lambu, saboda haka tun yana ƙarami ya lura cewa ƙazantar bayan mahauta ita ke ƙosar da kabewar uwarsa.

Karatu da aiki

Bayan ya kammala kwalejin horon malamai a 1973, aka tura shi koyar da kimiyyar halittu a sakandare, inda ya shafe rayuwar aikinsa yana nanata darasi guda: hasken rana ya shiga ganye, akuya ta ci ganye, mutum ya ci akuya, ƙasa ta karɓi kowa ta miƙa wa saiwa. Ƙarfin rana, a cewarsa, raguwa yake a kowane mataki har ya watse, amma jiki aro ne, juyawa kawai yake yi. Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa sunan Malam Taki, wanda ya bi shi har kabari.

Aure

Ya yi aure a 1978, kuma a shekarar ya haƙa rami a bayan ɗakin girki, ya haramta ƙona shara a gidan. Ganye, ɓawo da kashin kaji duk can suke ruɓewa su koma gindin mangwaron tsakar gida. Mai ɗakinsa ba ta taɓa yafe wa ramin ƙudajensa ba. Takan ce, "Malam, maza na tara dukiya, kai kana tara bola. Ranar da ka rufe ido, ashana ɗaya zan ƙyasta." Shi kuwa sai ya ce, "To, ki dai jira."

Tsufa

Ya yi ritaya a 2008. Da ciwon ƙafa ya zaunar da shi ƙarƙashin mangwaron, ba ya tambayar magani kamar yadda yake tambayar ko an juya takin ramin, domin ya san maganar ashana ba a janye ta ba.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a daminar 2019, aka binne shi a maƙabartar unguwa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: babbarsu ma'aikaciyar jinya, mai bi mata makaniki, sai auta, tela.

Da masu ta'aziyya suka watse, auta ya share tsakar gida, ya tara ganye, ya ɗauko ashana. Uwar ta karɓe ta daga hannunsa, ta ce, "Abincin bishiyar ubanka za ka ƙona?" Ta kwashi ganyen da kanta, ta nufi bayan ɗakin girki.